Sharhi: Ƙirƙirar Mahaukaciyar Guguwa a Ɗakin Gwaji da Batun Kare Rayuka a Cikin Gine-gine

Kamar yadda masu bibiyar al'amuran duniya suka sani, da wuya shekara ta wuce ba mu ji labarin mahaukaciyar guguwa ta afka wa wani gari a ƙasar Amurka ba. Irin guguwar da muke nufi a nan ita ce wadda ke saukowa daga cikin hadari tana juyawa kamar mazurari har ta taɓa ƙasa, wadda mutanen can ke kira tonado. A kowace shekara akan samu fiye da dubu ɗaya a ƙasar, kuma babu wata ƙasa a duniya da ta kai ta yawan samun wannan bala'i. Shekaru aru-aru abin da jama'a da hukumomi suka ɗauka shi ne, idan tonado ta zo babu ginin da zai tsaya, don haka ɓata kuɗi ne a ce za a yi gini da nufin ya jure mata. A wannan sharhi za mu duba yadda masana suka rushe wannan zato ta hanyar ƙirƙirar guguwar da hannunsu a ɗakunan gwaji da cikin kwamfuta, da irin jinkirin da aka yi kafin sakamakon bincikensu ya zama doka, da kuma darasin da ke ciki ga duk al'ummar da iska ke yaye wa rufi.

Dalilin da ya sa sai an ƙirƙire ta

Babbar matsalar da masana suka daɗe suna fuskanta ita ce tonado ba ta bari a auna ta. Mafi yawansu ba sa wuce 'yan mintoci a ƙasa, faɗinsu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da faɗin hadarin da ya haife su, kuma na'urar auna iska da aka kafa a hanyarsu takan lalace kafin ta rubuta komai. Saboda haka ne a shekarar 1971 Farfesa Tetsuya Fujita na Jami'ar Shikago ya fito da ma'aunin da ke ƙiyasta gudun iska daga irin ɓarnar da ta bari a baya. An yi wa ma'aunin gyara, aka fara aiki da sabon a watan Fabrairu na 2007. Yana da matakai shida, daga EF0, wato iska mai gudun kilomita 105 zuwa 137 a cikin sa'a guda, zuwa EF5, wadda gudunta ya haura kilomita 322.

Masu bin guguwa da motoci sun samo wasu alƙaluma masu muhimmanci. A ranar 3 ga Mayu, 1999, wata na'urar rada da aka ɗora a kan mota ta auna iska mai gudun fiye da kilomita 480 a sa'a a kusa da garin Moore na jihar Oklahoma. A watan Yuni na 2003 kuma injiniya Tim Samaras ya yi nasarar ajiye na'ura a hanyar wata tonado a jihar Dakota ta Kudu, inda ta nuna matsin iska ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin goma a tsakiyarta. Amma wannan aiki na da haɗarin gaske. Samaras da ɗansa da abokin aikinsu sun rasa rayukansu a ranar 31 ga Mayu, 2013, a guguwar El Reno, wadda faɗinta ya kai kilomita 4.2. Bugu da ƙari, rada ba ta iya ganin 'yan mitocin da ke dab da ƙasa sosai, alhali a nan ne gidaje da makarantu da asibitoci suke. Injiniya kuwa yana bukatar abin da zai maimaita sau ɗari, yana canza abu ɗaya kowane lokaci, kafin ya ce ga yawan ƙarfin da rufi zai ɗauka. Wannan ne ya sa aka koma ɗakin gwaji.

Yadda ake ƙirƙirar ta

Wanda aka fi danganta wa fara wannan aiki shi ne Neil Ward, na Cibiyar Binciken Munanan Hadura ta Ƙasa da ke garin Norman a Oklahoma. A wani rahoto da aka buga a 1972 ya bayyana wani ɗaki da ya ƙera, wanda fanka ke zuƙe iska ta samansa, yayin da iskar da ke shigowa ta ƙasa ake sa ta juyawa. Ya nuna cewa idan aka ƙara ƙarfin juyawar, siririyar guguwa takan yi kauri, sannan ta rabe zuwa ƙananan guguwoyi biyu ko fiye suna zagaya tsakiya guda. Wannan ya taimaka wajen fahimtar abin da ya daɗe yana ba mutane mamaki, wato a ga gida ɗaya ya zama tarkace, na maƙwabcinsa kuma ko taga bai rasa ba.

Sai dai guguwar Ward a tsaye take wuri guda, ita kuwa ta gaske tafiya take yi. A tsakiyar shekarun 2000 Farfesa Partha Sarkar da abokan aikinsa na Jami'ar Jihar Iowa suka ƙera na'ura mai faɗin mita biyar da rabi, da babbar fanka a tsakiyarta, aka rataye ta a jikin ƙugiyar da ke tafiya a saman ɗaki. Ta haka guguwar kan bi ta kan ƙananan samfuran gidaje da aka jera a ƙasa, waɗanda aka yi wa ƙananan huji masu yawa ana auna matsin iska a kowane lungu na bango da rufi. A ƙasar Kanada kuma, Jami'ar Western da ke lardin Ontario ta buɗe cibiyar WindEEE a 2013. Ɗaki ne mai kusurwa shida, faɗinsa mita 25, yana da fankoki 106 da ake sarrafa kowace dabam, ta yadda za a iya haɗa tonado, ko kuma irin iskar nan da ke faɗowa daga hadari ta daki ƙasa ta bazu ko'ina.

Akwai wasu gwaje-gwaje guda biyu da ba tonado suke ƙirƙira kai tsaye ba, amma amfaninsu bai gaza na farko ba. A jihar Carolina ta Kudu, kamfanonin inshora sun haɗa kuɗi suka gina cibiyar da aka buɗe a 2010, mai fankoki 105 da ke iya hura iska mai gudun kusan kilomita 210 a sa'a a kan cikakken gida mai hawa ɗaya ko biyu. A gwajin da aka nuna wa jama'a a shekarar, an ajiye gidaje biyu masu kama da juna gefe da gefe, ɗaya an gina shi yadda aka saba, ɗayan an ƙarfafa mahaɗansa. Na farko ya tashi daga kan tushensa ya tarwatse, na biyu ya tsaya. Gani ya kori ji.

Ɗaya gwajin kuma a Jami'ar Fasaha ta Teksas ake yin sa, a garin Lubbock, wanda tonado ta afka wa a ranar 11 ga Mayu, 1970, ta hallaka mutane 26. Injiniyoyin jami'ar da suka bi unguwa-unguwa suna nazarin ɓarnar sun lura cewa tarkacen da iska ke jifa da su na daga cikin manyan abubuwan da ke kisa. Sai suka ƙera wata bindiga mai aiki da matsattsiyar iska, wadda ke harba katako mai nauyin kusan kilo bakwai da gudun kilomita 160 a sa'a. Duk bango ko ƙofar da ake son a amince da ita a matsayin ta ɗakin mafaka, sai ta jure wannan harbi.

A ɓangaren kwamfuta, Leigh Orf na Jami'ar Wisconsin ya ɗauki bayanan yanayin sama na ranar 24 ga Mayu, 2011, ranar da wata tonado mai matakin EF5 ta ratsa yankin El Reno, ya zuba su cikin babbar kwamfutar Blue Waters ta Jami'ar Illinois. Kwamfutar ta rarraba sararin sama gida-gida kusan biliyan biyu, kowane mai faɗin mita 30, ta lissafa motsin iska da ruwa da zafi a cikinsu, har hadari ya haɗu, tonado ta sauko, ta yi tafiyarta ta mutu. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna wani kwararo na iska mai juyawa da ke bin gefen sanyayyar iskar hadarin yana shiga cikinsa, abin da ido ba ya iya gani a fili.

Abin da gwaje-gwajen suka nuna

Abu na farko da aka tabbatar shi ne tonado ɗaga gini take yi fiye da yadda take ture shi. Iskar da ke wucewa da gudu ta saman rufi tana zuƙar sa sama, sannan ga faɗuwar matsin iska a tsakiyar guguwar, ga kuma iskar kanta da ke hawa sama. A rahoton da masanan Iowa suka buga a 2010, sun samu cewa ƙarfin da ke ɗaga rufin ƙaramin gida na iya ninka abin da ƙa'idojin gini na lokacin suka tanada sau biyu zuwa uku. Ma'ana, gidan da aka gina bisa doka, ba tare da ha'inci ba, yana iya rasa rufinsa a iskar da gudunta bai wuce wanda aka yi lissafi da shi ba.

Abu na biyu ya shafi ƙofa da taga. A da ana shawartar mutane su buɗe tagogi idan tonado ta tunkaro, wai don kada gida ya fashe saboda bambancin matsin iska. Binciken injiniyoyin Teksas tun a shekarun 1970 ya nuna wannan shawara kuskure ce mai haɗari. Idan iska ta samu hanyar shiga ta ɓangaren da take bugowa, takan cika gidan kamar balan-balan, tana tura rufi daga ciki yayin da ta waje ke zuƙar sa daga sama. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A gidajen Amurka wannan tsagar sau da yawa ƙofar gareji ce, domin tana da faɗi kuma ba ta da ƙwari.

Abu na uku shi ne rushewar gida daki-daki take zuwa, kuma daga mahaɗa take farawa. Ƙusar da ta riƙe allon rufi takan zare, ko katakon rufi ya rabu da kan bango. Da zarar rufi ya tafi, bangon da ya dogara da shi don ya tsaya sai ya kife. Daga nan injiniyoyi suka fito da ƙa'idar cewa dole ne a ɗaure gini tun daga sama har ƙasa ba tare da yankewa ba: rufi a ɗaure da katakonsa, katako a ɗaure da bango da maɗaurin ƙarfe, bango a ɗaure da tushe da ƙusoshi masu noti. Idan mahaɗa ɗaya ta yi rauni, ƙwarin sauran bai da amfani.

Abu na huɗu, wanda a ganinmu shi ne ya fi sauya tunanin hukumomi, ya fito ne daga haɗa sakamakon gwaji da nazarin ɓarna. Fiye da kashi 90 cikin 100 na tonadon da ake samu a Amurka ba sa wuce matakin EF2, wato kilomita 217 a sa'a. Ko a cikin waɗanda suka kai EF4 ko EF5, siririn layi ne kawai a tsakiya ke samun iska mafi tsanani, mafi yawan filin da aka yi wa ɓarna iskar da ta same shi ba ta wuce EF2 ba. Ke nan ba sai an mayar da kowane gida ganuwa ba. Idan aka yi gini da zai jure EF2, an ceci mafi yawan gidaje, an kuma rage tarkacen da zai je ya fasa na maƙwabta. Ga ɗan yankin da babu gidan katako da zai tsaya kuwa, sai a tanadi ɗakin mafaka wanda aka yi lissafinsa da iska mai gudun kilomita 400, domin a can rai ake ƙoƙarin tsarewa, an haƙura da dukiya.

Daga ɗakin gwaji zuwa doka

A nan ne ya kamata mu tsaya mu yi nazari, domin yawancin wannan ilimi ya daɗe a hannu kafin a yi aiki da shi. Hukumar ba da agajin gaggawa ta tarayyar Amurka ta fitar da littafin jagora kan gina ɗakin mafaka a cikin gida a 1998, aka kuma fitar da cikakkiyar ƙa'idar gina mafaka a 2008. Amma ƙa'idojin da ake gina makarantu da asibitoci da gidaje da su ba su tilasta yin lissafin tonado ba.

Shekarar 2011 ce ta tona asirin wannan giɓi. Fiye da mutane 550 tonado ta kashe a ƙasar a wannan shekara. Mafi muni ita ce ta garin Joplin na jihar Missouri a ranar 22 ga Mayu, wadda ta yi sanadin mutuwar mutane 161, ta lalata gine-gine kusan dubu takwas, asarar ta kai kusan dala biliyan uku. Cibiyar Ma'aunai da Fasaha ta Ƙasa ta gudanar da bincike, ta fitar da rahotonta a 2014 tare da shawarwari 16. Binciken ya gano cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na mamatan a cikin gine-gine ajalinsu ya same su, wato wuraren da suka shiga don neman tsira. Babban asibitin garin bai rushe ba, amma tagoginsa sun farfashe, wutar lantarki da injin ko-ta-kwana sun mutu, ya kasa aiki a daidai ranar da aka fi bukatarsa.

Shekara biyu bayan haka, a ranar 20 ga Mayu, 2013, tonado ta sake komawa garin Moore, ta kashe mutane 24, bakwai daga cikinsu yara ne da bangon makarantar firamare ya danne. A shekarar 2014 majalisar garin ta zama ta farko a Amurka da ta kafa dokar gina gidaje da tonado a zuciya. Ta ɗaga gudun iskar da ake lissafi da shi daga kilomita 145 zuwa 217 a sa'a, ta wajabta maɗauran ƙarfe tsakanin rufi da bango, da matso da katakan rufi kusa da juna, da lulluɓe bango da allon katako mai ƙwari, da ƙofar gareji mai jure iska. Ya kamata mai karatu ya lura cewa ƙarfin iska ba ya hawa daidai da gudunta: idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfi sau huɗu yake ninkawa. Don haka wannan sauyi na nufin gidan Moore zai ɗauki fiye da ninki biyu na abin da yake ɗauka a da. Wani nazarin tattalin arziki da aka buga a 2015 ya ƙiyasta cewa asarar da irin wannan doka za ta hana ta kai kusan ninki uku na ƙarin kuɗin ginin.

A matakin ƙasa kuwa, sai a watan Disamba na 2021 ne Ƙungiyar Injiniyoyin Gine-gine ta Amurka ta fitar da kundin ƙa'idojinta mai suna ASCE 7-22, wanda a karon farko ya ƙunshi babi na musamman kan tonado. Babin ya shafi gine-ginen da ke tara jama'a da waɗanda ba a so su daina aiki, kamar makarantu da asibitoci da ofisoshin kashe gobara, kuma gudun iskar da ya tanada ya kama daga kusan kilomita 100 zuwa 220, gwargwadon yankin da ginin yake da girmansa. An shigar da shi cikin kundin dokokin gini na 2024 wanda jihohi ke kwafa. Idan muka ƙirga daga guguwar Lubbock ta 1970, fiye da shekara hamsin ke nan. A cikin watan da aka fitar da kundin ma, tonado ta rushe bangayen wani rumbun ajiyar kaya a Edwardsville ta jihar Illinois, ma'aikata shida suka mutu.

Gargaɗi da shirin jama'a

Kwaikwayon guguwa a kwamfuta yana da amfani na biyu, wato ƙara wa jama'a lokacin gudu. A al'ada ba a fitar da gargaɗi sai rada ta ga juyawa a cikin hadari ko wani ya ga tonado da ido, abin da kan bar wa mutane mintoci goma zuwa goma sha biyar, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na gargaɗin kan wuce ba tare da tonado ta sauko ba. Cibiyar Norman ta daɗe tana gwada wani tsari da ke zuba bayanan rada da tauraron ɗan'adam cikin kwamfuta akai-akai, ya gudanar da hasashe da yawa a lokaci guda, ya nuna inda mafi yawansu suka haɗu. A ranar 21 ga Mayu, 2024, tsarin ya nuna alamar haɗari ga yankin Greenfield na jihar Iowa fiye da sa'a guda kafin tonado ta isa garin.

Amma binciken Joplin ya koyar da cewa tsawon lokaci shi kaɗai ba ya ceto. An fitar da gargaɗi minti 17 kafin guguwar ta taɓa ƙasa, an kuma busa jiniya, amma mutane da yawa ba su motsa ba sai da suka ga alama da idonsu, saboda sun saba jin jiniyar ba tare da komai ya faru ba. Waɗanda suka motsa ɗin ma, da yawa ba su da wurin zuwa, domin mafi yawan gidajen garin ba su da ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Gargaɗi na amfani ne ga wanda ya yarda da shi, ya san inda zai nufa, kuma wurin da ya nufa ɗin zai tsaya.

Inda aikin ya rage

Guguwar ɗakin gwaji ƙarama ce, samfuran gidajen da ake sa mata kuma sukan kasance kashi ɗaya cikin ɗari na girman gidan gaske. Ana iya auna matsin iska a jikinsu, amma ƙusa da katako da siminti ba sa karyewa a ƙaramin samfur kamar yadda suke yi a babban gini. Saboda haka ne a 2023 Gidauniyar Kimiyya ta Amurka ta ba tawagar Farfesa Sarkar dala miliyan 14 don tsara cibiyar da za ta iya gwada manyan gine-gine a cikin iska mai juyawa. Haka zalika ana amfani da wannan ilimi wajen gyara ma'aunin kansa. Tonadon da ta afka wa yankin Enderlin na Dakota ta Arewa a watan Yuni na 2025, da farko an sa ta a matakin EF3. Bayan an lissafa ƙarfin da ake bukata kafin a kifar da taragun jirgin ƙasa maƙare da hatsi, a kuma yi jifa da wata tankar jirgi fanko nisan fiye da mita 140, tare da taimakon masanan Jami'ar Western, sai aka mayar da ita EF5 a watan Oktoba, ta farko tun bayan ta Moore a 2013.

Babban abin da ya rage kuwa na siyasa da aljihu ne. Sabon babin bai shafi gidajen kwana na talakawa ba. Kowace jiha da ƙaramar hukuma ita ke zaɓar dokar ginin da za ta bi, wasu yankunan karkara ma babu mai duba gini. Doka kuma sabon gini take kamawa, tsofaffin gidaje miliyoyi suna nan yadda suke. Gidajen tafi-da-gidanka, waɗanda masu ƙaramin ƙarfi ke zama a ciki, ba su kai kashi ɗaya cikin goma na gidajen ƙasar ba, amma kusan rabin waɗanda tonado ke kashewa a gida a cikinsu suke mutuwa. Tarihi ma ya nuna haka a wajen Amurka: tonadon da ta fi kowace kisa a duniya ita ce ta ranar 26 ga Afrilu, 1989, a Bangaladash, inda aka ƙiyasta mutane 1,300 sun mutu a ƙauyuka masu cunkoso da gidaje marasa ƙwari.

Abin da ya shafe mu

Tonado irin ta Amurka ba ta cikin abubuwan da aka saba gani a ƙasar Hausa. Abin da muka sani shi ne iskar da ke gabatar hadarin gabas a farkon damina da ƙarshenta, wadda kan zo da ƙura ta yaye kwanon gidaje da azuzuwa, ta karya turakun lantarki, kamar yadda ta yi a garin Bauchi a watan Yuni na 2018, inda aka yi asarar rayuka da gidaje masu yawa. Wannan iska miƙe take tafiya, amma hanyar da take bi ta rushe gini ita ce dai wadda aka gani a ɗakin gwaji: ta kama bakin rufi da kusurwa, ta shiga ta ƙofa ko tagar da ta ɓalle, ta ɗaga kwano tare da katakonsa.

Lissafin mai sauƙi ne. Iska mai gudun kilomita 120 a sa'a na iya zuƙar kowane murabba'in mita na rufi da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 70. A ɗaki mai mita huɗu tsawo da mita huɗu faɗi, wannan ya haura tan guda. Duwatsu da bulo da tsofaffin tayoyin da muke ɗorawa a kan kwano ba za su riƙe tan guda ba, kuma idan rufin ya tashi su ma makami suke zama a kan wanda ke ƙasa. Abin da zai riƙe shi ne a ɗaure katakon rufi da rodi ko maɗaurin ƙarfe da aka binne cikin kankaren saman bango, a ƙara yawan ƙusa a bakin rufi da kusurwoyi, a rage tsawon kwanon da ke leƙowa waje, a yi rawani mai ƙwari inda ya dace, a kuma rufe ƙofofi da tagogi idan hadari ya taso. Kuɗin waɗannan bai kai na sake rufi ba.

Najeriya na da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, amma kamar yadda labarin Amurka ya nuna, kundi ba ya riƙe rufi sai an mayar da shi doka a jiha, an koya wa magina da kafintoci, an kuma samu mai zuwa ya duba aiki kafin a rufe shi da silin. Muna ganin inda ya fi dacewa a fara shi ne inda Amurkawa suka fara, wato makarantu da asibitoci, domin su ne ke tara yara da marasa lafiya, su ne kuma jama'a ke fakewa a ciki idan gidajensu sun lalace. Duk kwangilar gina aji ko ɗakin shan magani ya kamata ta fayyace yadda za a ɗaure rufi da bango, a kuma tabbatar an yi kafin a biya kuɗi.

Daga ƙarshe, muna kira ga injiniyoyinmu da sassan koyar da gine-gine a jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da su riƙa zuwa wuraren da iska ta yi ɓarna tun kafin a kwashe tarkace, su rubuta wace mahaɗa ce ta fara sakewa a kowane gini, kamar yadda injiniyoyin Lubbock suka yi a 1970 ba tare da wata babbar na'ura ba. Haka kuma muna kira ga magidanta da su duba rufinsu tun da rani, kafin hadarin farko ya haɗu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya kiyaye mu daga bala'in iska da na ruwa, Ya ba mu damina mai albarka.